Allin da Kurege Ya Kawo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Kun ce ta zo ku ji ta. To ku matso, ba zan ɗaga murya ba, ba kuma zan maimaita ba.

Wasu tsofaffin mata ne su uku, ƙawaye tun suna 'yan mata: Tabawa, da Lanti, da Dudu. Kullum in sun gama aikin safe sai su haɗu a gindin wata ƙatuwar ɗorawa a bayan gari. Tabawa ce mai gurza, ta ɗora auduga a kan dutse ta murza ƙarfe, angurya ta fita gefe. Lanti ta shiɓe audugar da bakan shiɓa. Daga nan duk su uku su kama mazari. In zare ya taru, Lanti ta saƙa, Dudu ta ɗinka. Wannan karon a yi wa wannan zane, wani karon a yi wa waccan. Anguryar kuwa a wata babbar tukunya suke tara ta, ita ce irin da za su shuka da damina.

Kurege yana da rami nan kusa. Shi ba zare ne ya dame shi ba, tukunyar nan ce. Kullum sai ya zo ya tsaya da ƙafa biyu, ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Sannunku da aiki, iyayena."

Tabawa ta ce, "Yawwa. Matsa daga jikin tukunyar."

"Gwaggo, inuwa nake sha."

"Ga inuwa can, ba ta da murfi."

Wata rana alli ya ƙare musu. Kun san mai kaɗi sai ta riƙa dangwalar alli tana shafa wa yatsu, in ba haka ba mazari ya riƙa zamewa. Shi kuma alli ƙashin saniya ake ƙonawa har ya yi fari, a daka. Mahauta suna can garin kasuwa, tafiyar rabin yini, tsofaffi kuwa ba ƙafa.

Kurege ya ce, "In na kawo alli, me zan samu?"

Lanti ta ce, "Angurya cike da ludayi."

"Cike da ƙwarya."

"Ludayi biyu, ɗan nema."

"To, da riga. Zaren da aka kaɗa da allina a yi mini sutura da shi."

Dudu ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce, "Ku bar shi. Nawa yake gaba ɗayansa? Tsumman goge hannu ma ya yi masa yawa."

Aka shirya a kan haka.

Kurege ya kama hanya. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, rana ta buge shi. Sai ya ce a ransa, ƙashi ai ƙashi ne. Ya ratse ya shiga wani kufai, inda wasu mutane suka zauna kafin a kafa garin nan. Ba kowa, sai guntayen katanga da fasassun tukwane. Ya sami wata ƙasa mai laushi ya yi tono. Ya yi tono, ya yi tono, sai ga ƙananan ƙasusuwa a jere, farare, sirara. Ya ƙirga goma. Ya kwashi takwas, hannunsa ya cika, ya bar biyu. Ya hura wuta ya ƙona, ya daka a kan dutse, ya ƙunshe a ganye, ya kwanta ya yi barci don a ce ya yi nisa.

Da la'asar ya dawo yana ɗingishi.

"Wash! Gwaggo, mahautan nan ba su da kirki. Sai da na yi musu shara."

Aka auna masa ludayi biyu, ya cinye nan take, ƙwas ƙwas ƙwas.

Washegari suka dangwali alli suka murza mazari. Firrr! Ba su taɓa ganin zare irin wannan ba. Siriri kamar gashi, ba kulli, ba tsinkewa. Lanti ta ce, "Ke Tabawa, yaushe hannunki ya koyi wannan? Shekara hamsin kina kaɗa igiyar ɗaure akuya."

Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba ni nake kaɗawa ba."

Suka duba. Gaskiya ne. Yatsunsu suna tafiya su kaɗai.

Rana ta kai tsaka, inuwar kowa ta shige ƙarƙashinsa. Kurciya ta yi shiru. Iska ta tsaya. Suka ɗaga kai, sai suka ga sun zama su huɗu.

Wata tsohuwa ce zaune a tsakanin Lanti da Dudu, ba wanda ya ga zuwanta. Ta lulluɓe da wani tsumma da gara ta cinye rabinsa. Jikinta yana warin ƙasar da ruwa ya taɓa.

Ta ce, "Sannunku da aiki, ƙannena."

Dudu ta ce, "Yawwa, Yaya. Daga ina?"

"Daga nan kusa. Ni ma mai kaɗi ce a zamanina. Na ji ana aiki da hannuna, na ce bari in zo in gani."

Ta fito da hannuwanta daga cikin tsumma. Kowane hannu yatsa ɗaya ne ya rage, fari fat.

Ta ce, "Wa ya kawo allin?"

Su uku suka juya suka dubi Kurege. Kurege ya juya ya dubi bayansa, ba kowa.

Tsohuwar ta ce, "Zo nan, jikana. Na ji an yi maka alkawarin sutura."

"Kaka, na yafe."

"Ni ban yafe ba. Kwanta."

Ya kwanta. Ta ja zare tsakanin yatsunta biyu, ta auna shi daga hanci zuwa wutsiya, ta ciji zare. Ta zagaya cikinsa, ta ciji zare. Ta miƙa wa Lanti.

"Ƙyalle uku ya ishe shi. Fari, ba ado, ba wuya, ba hannu. Ranar da aka gama, ya shige ciki daidai, sai in tafi da shi, ya riƙa miƙo mini abin da ba na iya ɗauka."

Sai ta kama waƙa a hankali, mazarai suna juyawa:

"Kaɗa, kaɗa, ƙannena,
Fari na mai kawowa,
Ba wuya, ba hannu,
Ba a cirewa."

Inuwa ta ɗan karkata, suka duba, sun koma su uku.

Tabawa ta ce, "Ɗan banza, ƙashin wa ka ƙona mana?"

Kurege bai tsaya amsawa ba, ya zura da gudu. Matan suka yi rafi, suka wanke hannu da toka, suka goge da yashi, alli yana nan fari a yatsu. Kurege kuwa ya yi gudu, ya yi gudu, ya ƙetare rafi biyu, ya shige wani rami. Da ya duba sai ga zare siriri ɗaure a ƙafarsa ta baya. Ya ciza, ya ciza, haƙori ya yi zafi, zare bai tsinke ba. Washegari rana na kaiwa tsaka sai zaren ya fara naɗewa. Ya jawo shi ta baya, ta cikin ƙaya, ta cikin rafi biyu, tim, a gindin ɗorawa.

Tsohuwar ta ce, "Sannu da zuwa, jikana."

Kwana uku Lanti ta gama saƙa. Dudu tana ɗinki tana hawaye, ba don tana son Kurege ba, don dai allurar ba ta jin maganarta. Kurege ya zauna yana kallon fari yana haɗuwa. Sai ya dubi farin, ya dubi cikinsa, ya dubi tukunya.

Ya ce, "Gwaggo Tabawa, me ta ce? Ranar da na shige yaya?"

"Daidai."

"To buɗe mini tukunyar nan."

"Irinmu ne!"

"Gwaggo, in ta tafi da ni, alli yana nan a yatsunku. Kina ganin za ta bar ma'aikata uku irinku su zauna haka nan? Wa za ta auna bayana?"

Tabawa ta dubi Lanti, Lanti ta dubi Dudu. Dudu ce ta ɗaga murfin.

Kurege ya faɗa ciki. Ƙwas ƙwas ƙwas, har la'asar. Ƙwas ƙwas ƙwas, da sassafe. Rana ta kai tsaka, kurciya ta yi shiru, suka zama su huɗu.

"Kwanta, jikana."

Ya kwanta. Aka ja gefen dama, aka ja gefen hagu, suka ƙi haɗuwa. Cibiya a waje.

Tsohuwar ta yi tsaki. "Wa ya auna wannan?"

Kurege ya ce, "Ke ce, Kaka. Amma ba laifi, mu tafi a haka, wa zai gani?"

"Ni zan gani. Ban taɓa sakin aiki a karkace ba ina da rai, balle yanzu."

Ta ja zare, ta auna, ta ciji zare. "A ƙara ƙyalle ɗaya."

Aka ƙara. Kurege ya koma tukunya. Aka gwada, cibiya a waje. Ta auna, ta ciji zare. A ƙara ƙyalle ɗaya. Da ya ga faɗi yana cim masa sai ya riƙa miƙe ƙafafu yana baza wutsiya, aka ƙara tsawo. Haka, haka, har Kurege ya zama kamar tulu, ba ya iya shiga raminsa, sai dai ya sa kai ya bar sauran a waje. Lanti ta ce, "Wannan ko kura ta gan shi sai ta nemo 'yan taya ci."

Ranar da aka ɗinka ƙyalle na goma sha biyu, Kurege ya leƙa tukunya, ya ga gindinta. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Tsoro ya kama shi, cikinsa ya ruɗe. Kun san angurya da mai. Tun safe yake zarya bayan ɗorawa. Kafin rana ta kai tsaka ya zube, ya koma ɗan siririnsa, fata tana reto.

Kurciya ta yi shiru. Suka zama su huɗu.

Aka shimfiɗa fari, ya rufe rabin inuwar ɗorawa. Kurege ya kwanta a tsakiya kamar ƙuda a cikin ƙwaryar nono.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ka gama wasa da ni. Yawa ba matsala ba ne. Dudu, kawo wuƙa, a rage, yanzu-yanzu."

Dudu ta miƙa hannu ga wuƙa ba da sonta ba.

Kurege ya ce, "Kaka, tsaya! Na yarda, yau zan bi ki. Amma dubi zaren nan. Ashe wannan za a sa wa wuƙa?"

Tsohuwar ta shafa farin da yatsa ɗaya. Ta sake shafawa. 

Kurege ya ci gaba, "A ninka shi kawai. Sai dai ni ban taɓa mutuwa ba, ban san yadda ake kwanciya a ciki ba. Kai ne gabas ko ƙafa? Hannu a ciki ko a waje? Kada in je can in ba ki kunya a gaban mutanenki."

"Wawa. Tashi ka gani."

Ta yar da tsummanta. Matan suka kau da kai. Ta hau farin tana ƙwal ƙwal ƙwal, ta kwanta a kan gefen dama, ta miƙe. Kai ya kai bakin sama, ƙafa ta kai bakin ƙasa. Lanti ta ja gefen dama, Tabawa ta ja gefen hagu, suka haɗu cif, ba ragi ba ƙari.



Can sai murya ta fito daga ciki, ƙasa-ƙasa. "Da laushi. Na daɗe ina jin sanyi."

Dudu ta ce, "Yaya, a ɗaure?"

"Ɗaure, ƙanwata. Kada ki matse wajen ƙafa."

Dudu ta ɗaure ƙafa, ta ɗaure tsakiya. Kurege ya ji zaren ƙafarsa ya saki. Da mai hankali ne da ya tafi. Amma sai ya matso wajen kai, ya leƙa.

"To Kaka, a gai da mutanen can. In an tambaya, ki ce ni na ba da kyauta."

Hannuwa biyu suka fito, caraf, suka kama shi ta haƙarƙari. Ya yi ƙara. Da jiya ne, yana tulu, da ya tafi ke nan. Yau kuwa fata ce kawai a sake, ya murɗe, ya zame, ya fice. Yatsun nan biyu suka bi jikinsa tun daga kafaɗa har cinya, suka koma ciki. Dudu ta yi maza ta ɗaure kai.

Su uku suka ɗauke ta, ba nauyi, kamar damin kara. Suka kai ta kufai suka mayar da ita inda take, suka rufe, suka jera duwatsu manya-manya a kai. A hanyar dawowa Lanti ta dubi yatsunta, alli ya fita.

Suka tarar da Kurege a bakin rafi yana ta wanka. Ga farin layi inda yatsun nan suka bi, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya goge da yashi, ya goge da toka, yana nan. Har yau yana nan, ku duba jikin kowane kurege.

Tabawa ta ce, "To, mai riga. Ga damina ta matso. Ina irinmu?"

Kurege ya ce, "Gwaggo, ai na shuka muku shi tun da safe, a bayan ɗorawa, har da taki."

Ƙarfen gurza ya wuce ta saman kunnensa.

Kurunkus, nan na ciji zarena. Abin da za ku riƙe shi ne: in za ka kwashi yatsun mutum, ka kwashe duka goma, kada ka bar masa biyu. Ku tashi, kun zauna mini a kan tabarma.