Ranar da Damisa Ta Zama Saniya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙara!

To, ku matso, kai kuma ka daina tsungulin ƙanwarka. Can ƙasar Asam, inda shayi ya rufe tuddai, akwai wani tsoho, Gunaram. Dukiyarsa kaf saniya ɗaya ce, Rangili. Ita ce nononsa, ita ce abokiyar hirarsa.

Mutanen can, in bikin Bihu na sabuwar shekara ya zo, sai su ba shanu rana guda sukutum. A shafa musu kurkum, a kai su kogi, a ɗan kakkaɗa musu ganye, a ciyar da su, a sa musu sabuwar igiya.

Ranar da hantsi Gunaram na bakin kogi yana shafa wa Rangili kurkum, sai ga Damisa daga cikin gora. A wancan zamanin Damisa fara ce fat.

Ta ce, "Kaka, matsa. Saniyar nan zan ci."

Tsoho ya dubi saniyarsa. In Rangili ta tafi, shi ma ya ƙare. Ya daure ya ce, "Ranki ya daɗe, yau ranar shanu ce. Bari in gama yi mata gata tukuna."

Damisa ta ce, "Gata? Wannan mai yawun? Ni da nake sarauniyar daji ba a taɓa yi min ba!"

Gunaram ya ce, "Ai na shanu ne kawai."

Ta ce, "To daga yau ni saniya ce. Fara!"

Kun ji haɗama ko? Ya kwaɓa kurkum, ya laɓta mata tun daga kunne har wutsiya. Ta koma rawaya shar.

Ta ce, "Sai me?"

Ya ce, "Sai ganye."

Ya kakkaɗa wa Rangili ganye a hankali. Ita kuwa Damisa ta ce dole nata ya fi na saniya ƙarfi, don ita babba ce. Tsoho ya ce to. Ya karyo tsumagiyar gora, ya tsoma a baƙin taɓon kogi, ya shiga tsula mata. Tsau! Tsau! Tsau!

Damisa na hawaye ta ce, "Kaka, haka gatan yake?"

Ya ce, "Shanu ba sa tambaya."

Ta haɗiye kuka ta ce, "Sai me?"

Ya ce, "Sai abinci."

Ya ba Rangili duma da gauta. Damisa ta yamutsa fuska, amma ta ce a ba ta wanda ya fi. Ya ciro barkonon ƙasar, wanda giwa ma ke yi wa kwana, ya cusa a cikin gauta. Ta tauna. Wayyo! Ido ya yi ja, gashin baki ya miƙe, ta tsoma kai a kogi har kifaye suka yi atishawa.

Da kyar ta ce, "An gama?"

Gunaram ya zaro sabuwar igiya ya ce, "Saura wannan. In ɗaure ki a turke. Gobe da asuba in tatse ki. Baɗi war haka kuma mu sake biki daga farko."

Damisa ta dubi igiya, ta dubi tsumagiya, ta dubi gauta. Ta ce, "Kaka, na tuna, ni ba saniya ba ce."

Fit! Ta faɗa daji, ko waiwaye babu. Har yau rawayar ba ta fita ba, zanen tsumagiya ma yana nan a jikinta.

Tsoho ya sa wa Rangili igiyar. Ya rungume wuyanta yana dariya, hawaye na zuba. Ita kuwa ta lashe masa sauran kurkum a gemu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ya ji barkono ya tsere! In kun ga ana yi wa wani gata, kada ku ce dole sai naku ya fi. Ku tashi, tabarmata nake so.