Kurciya da Abokiyar Ɗakin da Ba Ta Gani

"To, ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake."

"Ta taho mu ji ta, Iya."

Wata Kurciya ce fari ya koro daga ƙauyensu, ta faɗa babban birni neman abin sawa a baki. Ta samu aikin tsince tsakuwa daga shinkafa a kasuwar hatsi. Aiki ya samu, saura wurin kwana. Ku da kuke birgima a tabarmata kyauta ba ku san tsadar ɗaki ba. Duk inda Kurciya ta tambaya, da an faɗi kuɗin haya sai ta juya ta yi gaba. Ga jama'a kamar ƙasa, amma ba mai ce mata sannu.

Tana rakuɓe a gindin wata katanga sai ga Gizo, ya karkace hula, wai shi dillalin gidaje.

"Kuyciya," in ji shi da tsamin bakin nan nasa, "me ya yi zafi?"

Ta faɗa masa.

"Ai nan ba a kama ɗaki mutum ɗaya, haɗa hannu ake yi. Ina da ɗaki, Mujiya ce a ciki, aikin gadi take yi. In kin fita da safe ta shigo, in ta fita da yamma ki shigo. Kowa ya biya rabi."

Daɗi ya kama Kurciya, ba don arha kawai ba. Ita tun da aka ƙyanƙyashe ta ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. A gidansu kwano ɗaya ne, baki goma.

"Sai dai fa," in ji Gizo, "kin san halin Mujiya, ba ta son kowa. Kada ki bari ku haɗu. Makulli ɗaya ne, ni za ki riƙa kawo wa."

Kurciya ta sha jin abin da ake faɗa a kan Mujiya, don haka ba ta yi musu ba.

Zama ya fara. Kullum ta dawo sai ta tarar an share ɗaki, an naɗe tabarma, ga wani tsohon zane rataye a ƙusa. Wani lokaci in kaɗaici ya ishe ta, zanen nan take ba labarin kasuwa. Ta ce a ranta, ko maƙiyi ne ka haɗa rufi da shi, ai ka ajiye masa loma.

Sai ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta ɗibi rabon Mujiya ta rufe da faifai. Da yamma ta tarar da kwano a wanke, an kife. Ta ruga wurin Gizo.

"Malam Gizo, ta ci?"

"Ina! Ta ce gishiri ya yi yawa, ta zubar."

Kurciya ta ce laifina ne. Ta yi ɗanwake, ta rage gishiri, ta rufe da faifai. Da yamma kwano a wanke, an kife.

"Malam Gizo, yau fa?"

"Ta ce abincin 'yan ƙauye ne, ta ba kare."

Kurciya ta daure. Ta hana cikinta kalaci, ta sayi fura da nono mai kyau, ta dama, ta rufe da faifai. Da yamma ƙwarya a wanke, an kife.

"Malam Gizo?"

"Ta ce ki daina shisshigi. Haya ce ta haɗa ku, ba zumunci ba."

Yana maganar yana shafa tumbi, don kwanan nan ko rigarsa ta daina shigarsa. Kai, Gizo bai ji kunyar duniya ba! Kurciya kuwa ba ta lura ba, hawaye ya cika mata ido. Ta daina ajiye abinci, ta daina yi wa zane magana. Ta ci ita kaɗai, ta kwanta ita kaɗai, har rani ya wuce damina ta sauka.

Ran nan ƙaiƙayi ya faɗa mata a ido, uwar ɗakinta ta kasuwa ta ce ta je gida ta huta. Da rana tsaka ta iso ƙofar ɗaki. Ta yi sallama can ƙasa-ƙasa.

Aka amsa da wata murya mai taushi. Ga Mujiya nan, ramammiya, tana ɗaure kaya a tsohon zanen nan.

Mujiya ta sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, 'yar uwa, yanzu zan fita. Na san ba kya son ganina. Gizo ya faɗa mini kin ce ba kya cin girkin mai baƙin jini."

"Wane girki?"

"Farfesun da na bar miki. Da dambu. Da kunun gyaɗa."

"Ni ko ƙamshinsu ban ji ba! Ke fa, tuwona, da ɗanwake, da fura?"

"Kwano a kife nake tararwa."

Da suka bi diddigi, ashe ko hayar ma kowacce cikakkiya take biya, ba rabi ba.

"Me ya hana ki tsaya ki tambaye ni?" in ji Kurciya.

"Na saba a ƙi ni, shi ya sa na yarda. Ke fa?"

Ita ma Kurciya abin da ta ji ana faɗa ta ɗauka.

"To ki kwance kayan nan, mu zauna," in ji Kurciya.

"Ya wuce, 'yar uwa. Na ajiye gadin, har an ba Jemage. Ba ni da abin biyan haya. Ba wahala ce ta kore ni ba, rashin wanda zan ce wa na dawo ne."

Gurasa ɗaya ce a ɗakin. Suka raba biyu, suka ci a kwano ɗaya. Kurciya ta ɗaukar mata kaya har tasha, ta tsaya har motar ta ɓace, sannan ta komo ɗakin da ya yi mata girma.

Gizo da ya ji asirinsa ya tonu, sai ya haye kusurwar rufi ya laɓe. Har gobe can yake, a ɗakin kowa, ba ya biyan ko anini. Kurciya kuwa ita ce kuke ji da rana tana kuka a kan katanga, tana kiran ƙawarta. Mujiya tana amsawa, amma sai dare ya yi, lokacin Kurciya ta riga ta yi barci.

To kun ji, jikokina. Zumunci a ƙafa yake. Wanda rufi ɗaya ya haɗa ku, ka taka da kanka ka gaishe shi, kada ka ba ɗan aike gaisuwar, kada kuma ka karɓi halinsa daga bakin wani.

Nan ta tsaya, kungurus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba, da kun ce Iya ta shara ƙarya.