Igiyar da Jatau Ya Ƙi Saki

"Ku matso kan tabarma, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku, yau da ƙafarta ta zo."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnenmu a buɗe yake!"

Wasu 'yan'uwa ne su biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban sunansa Jatau, ƙaramin kuma Nomau. Sana'arsu haƙar rijiya. In ɗaya ya shiga rami da diga, ɗayan yana sama riƙe da igiya. Kullum cikin musu suke, kullum cikin dariya. Jatau ya ce ruwa na gabas, Nomau ya ce yana yamma, sai su haƙa a tsakiya su samu.

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da Nomau. Sai ga wata tsohuwa daga ƙauyen bayan dutse, ana ce mata Iya Tabawa. Ta ce rijiya take so. Sai Jatau ya bi ta shi kaɗai don ya duba wuri.

Ashe Tabawa mayya ce. Haƙoranta duk sun zube, ta daina cin kurwa. Abin da take yi yanzu, ta sace duk abin da mutum ya sani a kansa, ta ɗura a wata 'yar gora da ke rataye a wuyanta. Wanda ta yi wa haka, shi ke nan ya zama baranta.

Suna isa ta dama wa Jatau fura da maganin mantau. Ya sha, ya ajiye ludayi. Sai ya duba dama, ya duba hagu.

Ya ce, "Iya, ni wane ne?"

Ta ce, "Kai ɗana ne, Bawa. Ba ka da kowa a duniya sai ni. Tashi ka faskara mini itace."

Kwana bakwai babu Jatau babu labarinsa. Nomau ya warke, sai ya kama hanyar bayan dutse. Ya tarar da wansa yana faskare.

Ya ce, "Yaya!"

Jatau ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa kake nema?"

"Kai nake nema mana! Ni ne Nomau!"

"Allah sarki. Ka yi ɓatan kai. Ni Bawa ne."

Sai Tabawa ta fito da muciya, ta kora Nomau har bakin gari.

Da gari ya waye ya komo, ɗauke da dambun da uwarsu ta yi, mai zogale da ƙuli-ƙuli. Jatau ya zauna ya cinye tas, ya lashe yatsu, ya lashe kwano.

Nomau ya ce, "To, ka tuna?"

Jatau ya ce, "Wadda ta yi wannan dambu, Allah ya sa ta a Aljanna. Amma kai ban san ka ba. Akwai ƙari?"

Nomau ya koma gida, dariya na cinsa, hawaye na zuba. Ya gaya wa uwarsu.

Ta ce, "Ya cinye duka?"

"Har kwanon ya so haɗiyewa, Inna."

Ta ce, "To ɗana na nan. Bar wahalar tuna masa. Tunda bai san ka ba, je ka ya san ka daga farko."

Sai Nomau ya ɗauki diga da igiya, ya koma na uku. Ya durƙusa gaban Tabawa.

Ya ce, "Iya, na yi kuskure, kama ce kawai suka yi da wana. Amma rijiya ba ta haƙuwa da mutum ɗaya. Bari in taya ɗanki, ba na son komai."

Kwaɗayi ya kama Tabawa, ta yarda. Ta miƙo masa fura. Ya ce ai shi fura kumbura masa ciki take yi.

Suka fara haƙa. Ran farko Jatau ba ya ko kallonsa. Da aka kwana biyu sai ga musu ya tashi a kan inda za a zubar da ƙasa. Kafin mako ya zagayo, tare suke cin abinci, suna ƙyaƙyata dariya har suna ƙwarewa.

Jatau ya ce, "Ka san wani abu? Da ina da ƙane, da irinka nake so."

Nomau ya juya baya, ya ce ƙasa ce ta shiga masa ido.

Tabawa ta ji wannan magana, sai ta ga asirinta na shirin tonuwa. Ta jira ranar da aka kai ga ruwa. Nomau na can ƙasa, gaba goma sha biyu, Jatau na jawo shi sama da igiya. Ya zo tsakiya yana lilo, sai ta lallaɓo.

Ta ce, "Bawa, saki igiyar nan."

Ya ce, "Iya, mutum ne a ƙasa."

"Na ce ka saki! Ba ni na haife ka ba?"

"Haka kika ce, Iya."

"To wane ne shi a wurinka?"

Jatau ya ce, "Ban sani ba. Amma hannuna ya ƙi buɗuwa, ni ma kuma na ƙi."

Sai ta daka tsalle ta kama hannunsa, ta gantsara masa cizo da dasashi. Ko gezau. Ta ja, ya ja. Ana cikin haka zaren gorar ya tsinke, ta faɗi kan dutsen bakin rijiya. Fus!

Sai abubuwa suka yi ta fitowa fir, fir, fir, kamar 'yan tsuntsaye, kowanne ya nufi kan mai shi. Jatau ya yi atishawa uku, bai saki igiya ba, ya jawo Nomau har waje. Ya ƙura masa ido.

Ya ce, "Nomau! Kai ne ka ƙona mini hular Salla muna yara, ka ce akuya ce ta cinye!"

Nomau ya ce, "Haba Yaya! Duk abin duniya, wannan ka fara tunawa?"

Suka rungume juna, suka faɗi cikin taɓo, suna kuka suna dariya.

Ƙauye kuwa ya kacame. Wata mata da ke yi wa Tabawa shara ta yar da tsintsiya, ta ce, "Wayyo, na bar tuwo a wuta shekara uku!" Wani dattijo mai kiwon awakinta ya tuna shi makaɗi ne, ya kifa ƙwarya ya hau kiɗa. Kowa ya shiga rawa, ana kiran juna da sunan gaskiya.

Tabawa ta ga jama'a sun juyo kanta, sai ta rikiɗa ta zama ƙadangare, ta shige tsagar bango. Ashe kalmar da za ta faɗa ta koma mutum, ita ma a gorar ta adana ta, ta kuwa tashi sama ta ɓace. Shi ya sa har yau za ku ga ƙadangare a kan katanga yana gyaɗa kai. Tunawa yake son yi.

Jatau da Nomau suka bar wa mutanen ƙauye rijiyarsu, suka kama hanyar gida kafaɗa da kafaɗa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Ku dai ku riƙe wannan: in ɗan'uwanka ya manta da kai, kada ka yi fushi ka tafi. Zauna kusa da shi har ya sake saninka. Ku tashi, kowa ya kama hannun ƙanensa.