Farfesa da Kwalabe Biyu

Ni da kuke gani, a duk layinmu babu wanda ya kai ni karatu. Jarida ko a juye aka miƙo mini, haka nake karanta ta. To, gaskiyar magana, a juye da a daidai duk ɗaya ne a wurina, don a aji huɗu na yi sallama da makaranta, malaman ma ba su yi kukan rabuwa ba. Amma labari kam na iya shi. Ku matso ku ji na wani tela. Ba ku san shi ba, ya daɗe da barin unguwar nan.

Ana ce masa Almakashi, don bakinsa ya fi wanda ke kan teburinsa kaifi. Ɗinki kam ya iya. Aibinsa ɗaya, cika baki. Ba ya so a ce wani ya fi shi ko da inci guda. Karatunsa bai wuce lambobin jikin tef ɗin awo ba, shi ya sa ya ɗora duk burinsa a kan 'yarsa mai shekara tara, har ya raɗa mata suna Farfesa.

Da ya sayi babbar waya, sai wani mai kawo ɗinki ya nuna masa dabara. Ka ɗauki hoton aikin gida, waya ta karanta shi da bakinta, ta fito da amsa. Shi ke nan Almakashi ya samu abin yi. Kullum aka tashi daga makaranta, ƙyas, hoto. Farfesa ta zauna gefen keken ɗinki ta kwafe amsa harafi bayan harafi, yadda uban ke kwafe zanen wuyan riga: bai san ma'anar zanen ba, amma ba ya kuskure. Minti biyar an gama, ya miƙa mata wayar ta yi kallo. Goma bisa goma, goma bisa goma. Ya manna takardun a bangon shago, duk wanda ya zo gwaji sai ya gani.

Maƙwabcinsa mai kanti ya fi kowa shan baki. Ɗansa da hannu yake aikinsa, yana cin biyar, yana cin shida.

"Kawo shi Farfesa ta koya masa mana," in ji Almakashi. "Kyauta ne, maƙwabtaka ai ta fi haka."

Wata rana malamar ajin ta zo har shago. Ta ce, "Baban Farfesa, abin nan yana damuna. Aikin gidanta babu kuskure ko ɗaya, amma in na ce ta karanta layi guda a allo sai ta ce kanta na ciwo. Wa ke yi mata aikin?"

"Wa kuwa? Kanta ke yi mata! Kunya ce kawai, ta gado wajen uwarta."

"Don Allah ka bari ta riƙa tsayawa rabin awa bayan tashi."

"'Yar tawa? Tare da daƙiƙai? Malama, in ɗinki kika kawo, bismilla."

Yarinyar na tsaye bayan labule tana ji. Tun daga ranar ta san akwai maganar da ba a faɗa wa Baba.

Ranar da abin zai faru, babu wuta tun safe. Uwar yaran ta tafi asibiti, ƙanwarta na naƙuda. Ta bar masa Auta, ɗan shekara biyu, wanda ya kwana da zazzaɓi. Tana fita ta ce, "Maigida, maganinsa na kan taga. In jikin ya yi zafi, cokali ɗaya."

Da rana tsaka Farfesa ta shigo shago da gudu. "Baba, Auta ya yi zafi kamar dutsen guga!"

Ya tarar da yaron kwance, ido a lumshe, numfashi sama-sama. Ya kai hannu taga, sai ga kwalabe biyu. Girmansu ɗaya, duk masu ruwan ƙasa, duk da farin magani a ciki, kowace da takardar da mai kemis ya manna ya yi rubutu. Ɗaya na zazzaɓi ne. Ɗayar kuwa maganin ƙaiƙayi ne da aka saya wa kakar yaran, na shafawa a fata.

Ya zaro waya zai ɗauki hoto. Baƙi ƙirin. Ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska. Caji ya ƙare a kallo.

Mai kanti na nan, taku goma, kuma ya iya karatu. Almakashi har ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya cak. Ya je ya ce me? Mai Farfesa a gida yana neman a karanta masa kwalba? Ai har ya mutu ba zai huta da dariya ba. Ya juyo ya danƙa wa yarinyar kwalaben.

"Farfesa, wanne ne na zazzaɓi? Yi sauri."

Ta kalli wannan, ta kalli waccan. Ta san haruffan duka, ta zana kowannensu sau dubu, amma sun yi mata shiru, babu wanda ya ce komai. 

"Me kike jira? Abin da kike ci goma bisa goma?"

Ta ɗago ta ga idon ubanta. Sai ta miƙa ta hannun dama. "Wannan."

Ya cika cokali, ya tallafo kan yaron ya ɗura. Rabi ya shige, Auta ya ture sauran ya fasa ihu. Ɗigo ya zuba a yatsan Almakashi, shi kuma tela ne, mai lasar zare kafin ya zura allura. Bai ma sani ba ya kai yatsan baki. Jama'a, wuta! Ɗaci da zafi har maƙogwaro, har yau in na tuna sai harshena ya motsa.

"Me aka rubuta a nan? Karanta mini!"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Baba, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Waya ce ke faɗa."

Ya saɓa yaron a kafaɗa, ya cusa kwalbar a aljihu, ya fita a guje yana ihu. Wani mai babur ya taka birki, suka haye, takalmi ɗaya ya faɗi a titi. Yaron na ta amai a bayan rigarsa, can kuma ya yi shiru. Wannan shirun ya fi ihun tsoro. Almakashi na jijjiga shi yana cewa, "Auta, yi kuka! Don Allah yi kuka!"

A asibiti nas ta karanta kwalbar, ta kalle shi sau ɗaya, ta fizge yaron ta shige. Awa biyu yana tsaye a baranda, ƙafa ɗaya ba takalmi. Matarsa ta sauko daga ɗakin haihuwa, ta ji abin da ya faru, ta wuce shi ta shige wurin yaron. Da ma zaginsa ta yi.

Da likita ya fito ya ce, "Ka gode wa Allah rabi ya sha, kuma kun zo da wuri. An rubuta ɓaro-ɓaro kada a sha. Babu mai karatu a gidanku ne?"



Washegari ya ɓanɓare takardun bango da hannunsa. Ya je makaranta ya cire hula a gaban malama. Yanzu lokacin aikin gida waya na kulle a durowar keke. Yarinyar na cin huɗu, tana cin biyar, amma nata ne, kuma ɗan mai kanti ke taya ta.

To, darasin a nan, waya ba laifinta ba ne, kayan aiki ce kamar keken ɗinki. Amma in ta yi wa yaro karatu, karatun na cikinta, ba cikin kansa ba, kuma ranar da kake tsananin buƙata, ranar cajinta ke ƙarewa. Iyaye, ku bar yara su yi kuskurensu da hannunsu, ku saurari malamansu. Kada kuma ka cika baki da ɗanka har ya ji tsoron ce maka "ban iya ba". Wannan tsoron shi ya kusa kashe Auta, ba kwalba ba.

Ranar da na ba da labarin nan a shagon aski, ina rufe baki sai wani da ake wa gyaran fuska ya ɗago. Ya ce, "Tsaya, malam. Telan ya bar unguwa, amma ɗacin a harshenka ya zauna?"

Na ce, "Ai labari ne, baki kan zame."

Ya ce, "Ni ne mai babur ɗin, Almakashi. Ni na koma na tsinto maka takalminka. Yana nan ƙarƙashin gadona, yaushe za ka zo ka karɓa?"