Rakiyar Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, masu hamma da masu ido biyu.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo.

To ku matso. Kai Ɗanliti, bar tsokanar wutar nan.

An yi wasu 'yan duwatsu can sama, ba sa ƙirguwa, aikinsu kawai kewaya Rana kamar akuya a turke. A cikinsu akwai ya da ƙanwa, Lantana da Tasalla. Hanyoyinsu na maƙwabtaka, suna tafe suna hira, ɗaya ba ta iya wuni ba ta ji muryar ɗaya ba.

Can bayansu kuma akwai wani ƙaton tauraro, Mushtari, yana nasa zagayen tinƙis-tinƙis shi kaɗai. Kaɗaici ya ishe shi, bawan Allah. Duk dutsen da ya zo gittawa sai ya ce a ɗan taka masa. Kun san kuwa ba a ƙin yi wa babba rakiya.

Sauran duwatsu ba su damu ba. Yau su gamu da shi a gabas, wata rana a yamma, takun da ya ja su can, na gaba ya maido su. Ita kuwa Tasalla tafiyarta ce ta ja mata. In ta yi zagaye biyu, shi ya yi ɗaya cif, sai su haɗu a wuri guda, kullum nan, ba gaba ba baya.

Ran farko ya ce, "'Yata, taka mini."

Ta ce, "To Baba, taku ɗaya."

Ta taka, ta dawo, amma ba ta dawo daidai sawunta ba. Lantana ta lura sai ta ɗan ɗaga murya kafin ƙanwar ta ji ta. Ta ce mata ta ƙara sauri ko ta rage, ta daina gamuwa da tsohon nan a wurin. Tasalla ta ce ita haka ƙafarta take, kuma da wane ido za ta wuce babba ya yi magana ta yi shiru?

Suka sake haɗuwa.

"'Yata, taka mini."

"To Baba, taku ɗaya."

Yanzu sai da ƙwala kira ake gaisawa. Lantana ta yi faɗa, ta yi lallashi, har kuka ta yi. Ina! Kunya ta hana yarinya cewa a'a. Taku kan taku, duk gefe guda, har hanyarta ta miƙe ta yi tsawo: nan ta kusa Rana tana ƙuna, can ta yi nisa tana rawar ɗari.

Ran ƙarshe tsoho ya ce a taka masa. Ta taka. Lantana ta miƙa hannu, bai kai ba.

Shi ke nan. Tasalla ta fita daga cikin 'yan'uwa, shi ma tsohon bai same ta ba, ya wuce da kaɗaicinsa. Duk masu irin tafiyarta haka ya yashe su ɗaya bayan ɗaya, har wurinsu ya zama fili fetal a tsakiyar duwatsun, kamar giɓin Ɗanliti. Yi dariya, kai haƙorinka zai tsiro.

Ni dai nan wurin ne yake ci mini rai. Wani lokaci doguwar hanyar Tasalla takan ratso ta tsohon gida, a guje, ba halin tsayawa. Sai ta ce, "Yaya!" Kafin Lantana ta waiwayo ta amsa, ta yi nisa. Shi ya sa har yau Lantana ke tafe fuskarta na kallon filin nan, da amsarta a baki, don kada ta sake makara.

Ku dai ku girmama babba, amma in rakiya kullum gefe guda take jan ku, ku waiwaya ku ga wa kuka bari.

Ƙurunƙus kan 'yar tsakuwa. Kowa ya je ya kwanta kusa da ɗan'uwansa.