Waken Shinkafi da Tiyar Baba Jatau

Akwai wata mata da aka yi a Ƙauran Namoda, sunanta Maijidda, mai suyar ƙosai a bakin tashar jirgin ƙasa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da kasko ɗaya. Kaskon nan shi ne gonarta, shi ne rumbunta. Ranar da bai hau wuta ba, tukunyar gidanta ma ba ta hawa.

Shekarun nan ne da Zamfara ta samu jiharta, ga kuma Shari'a an ƙaddamar. Wanda bai ga lokacin ba, ba zai gane ba. Kowa mafarki yake yi ido biyu. Mai baro yana ganin kansa da mota, mai mota yana ganin kansa da gidan mai a Gusau.

Maijidda ma tana da nata. In mai ya yi zafi, hayaƙi ya tashi ya bi kan layin dogo, sai ta zuba masa ido. A cikin hayaƙin take ganin shago a Gusau, mai koren fenti, gwangwanayen madara an jera su har rufi, firij yana gurnani a lungu, ita kuma tana kan kujera, fanka tana kaɗa mata mayafi, hannunta ba ƙaurin mai. Sau da yawa sai ƙosai ya fara ƙonewa sannan take dawowa Ƙaura.

Wake kuwa wurin mutum ɗaya take saye, wani tsoho mai awo, Baba Jatau, mai rumfa a bakin kasuwa. Kullum tiya biyu, kowace tiya naira tamanin. Shekara tara ke nan ba fashi.

Wata safiya ƙanen mijinta, Rufa'i, direban motar kaya da ke zuwa kasuwar Shinkafi duk Alhamis, ya tsaya ya ɗauki ƙosai uku bai biya ba, kamar yadda ya saba.

"Matar yaya, nawa tsohon ga ke ba ki tiya?"

"Tamanin. Kai kuma ƙosan da kaka ci kyauta, nawa za ka ba ni?"

"Tamanin!" Ya dafe ƙirji. "Ashe yanka ki akai ba wuƙa. Shinkahi na ga buhu dubu biyu da ɗari huɗu, tiya arba'in na ciki. Raba ki gani."

Ya tafi yana lasar yatsa. Maijidda ta raba a ranta, ta ga tiya ta kama sittin. Wato naira ashirin a kan kowace tiya, arba'in a rana, shekara tara.

Tun daga lokacin 'yan ashirin-ashirin ɗin nan suka hana ta sakat. Sai ta riƙa ganinsu kamar tsuntsayen jan baki a gonar gero, suna tashi garke-garke daga bakin zanenta suna sauka a rumfar Baba Jatau. Ta ce a ranta, ashe shagon Gusau ba nisa ya yi ba, a aljihun tsohon nan yake kwance.

Da la'asar ta je rumfar, ba ta ko tsuguna ba.

"Baba, yau ba awo na zo ba. Na zo in yi maka godiya. Shekara tara kana shan romona, ina ce maka Allah shi saka."

Tsohon ya ɗago kai. "Ɗiyata, mi ya hwaru?"

"Na ji kuɗin buhu a Shinkahi. Daga yau ni ma sari zan yi, kamar manya."

"To, Allah shi sa albarka. Amma in kin tahi, kahin ki biya..."

"Ba shawara na zo nema ba, Baba. Wadda ka ba ni ta shekara tara ta isa."

Ta juya. Masu rumfunan kusa duk sun ji. Baba Jatau ya ci gaba da kore kaji daga bakin buhu.

Kuɗin buhu ba ya hannunta. Tana da tunkiya guda, mai ciki, wadda take ajiye da ita don ranar tsiya. Ta sayar da ita, ta haɗa da ɗan jarin suya kaf, ta ƙulle a zane.

Ranar Alhamis ta shiga motar Rufa'i, can baya inda aka ware wa mata. An gama girbi, karan gero an tsayar da shi tsibi-tsibi a gonaki, raƙuma na tafe a gefen titi a hankali kamar ba ƙasa suke takawa ba. Iska na bugun fuskarta, ta lumshe ido. Kafin su kai rabin hanya ta riga ta ƙara wa shagon ƙofa ta biyu, ta sa an rubuta sunanta a sama da jan fenti.

Kasuwar Shinkafi ta cika ta batse. Buhuna an gina su kamar katanga, mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. Wani dillali ya kai ta wurin wani babban mai sari, Alhaji Hamisu, dattijo mai farin gemu da carbi a hannu.

"Hajiya, sannu da zuwa. A ba Hajiya kujera."

Hajiya. Tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa kiranta haka. Ta zauna a kujerar, ta gyara mayafi, ta ɓoye tabon ƙunar mai da ke bayan hannunta.

"Wake nike so, buhu guda."

"Akwai sabo, dubu ukku. Akwai na bara, dubu biyu da ɗari huɗu."

Dubu uku? Ta yi saurin rabawa, ta ga tiya ta kama saba'in da biyar. Ina ribar? Wannan ai kusan kuɗin Baba Jatau ne. Ta nuna na biyun.

Alhaji Hamisu ya ajiye carbi. "Hajiya, bari in hwaɗa miki gaskiya. Ko da can ban ɓoye aibin kaya, balle yanzu da anka kawo Shari'a. Wanga ya kwana biyu a ajiya, ƙwari sun taɓa shi. Mi za ki yi da shi?"

Nan ne fa aka yi ta. Kalma ɗaya ce za ta cece ta, ta ce ƙosai. Amma ga kujera, ga dillali a tsaye, ga "Hajiya" na yi mata zaƙi a kunne. Ta yaya Hajiya za ta buɗe baki ta ce ita mai tuya ce a bakin tasha?

"Shago gare ni a Gusau," in ji ta.

"To, madalla. In masu kiwo za ki sai wa, ba laihi, dabba ba ta zaɓe."

Ba ta ma ji ƙarshen maganar ba. Ta kwance zane ta biya.

Daga nan hannuwa suka fara miƙowa. Dillali ya karɓi la'ada. Aka ce buhun da aka zuba waken ma kuɗinsa daban. Ɗan dako ya karɓi nasa. Da aka zo mota, Rufa'i ya ce buhu ɗari da hamsin.

"Har ni, Rufa'i?"

"Matar yaya, ni na san ki. Mota ba ta san ki ba, mai ta sani."

Ta dawo gida da buhu, bakin zanenta fayau. Duk da haka da ta jingine shi a ɗaki sai ta tsaya tana shafa shi kamar ɗan fari.

Da asuba ta ɗebi tiya biyu ta jiƙa. Sai ga ƙananan ƙwari baƙaƙe suna tasowa saman ruwa. Ta surfa, ta wanke, ta ga kusan sulusin waken ya bi ruwa, don cikinsa fanko ne. Dole ta ƙara tiya ta uku. Aka markaɗo, ta buga ƙulli har kafaɗarta ta yi tsami, ya ƙi tashi. Ta saka a kasko, ya nutse ya kwanta yana zuƙar mai, ya fito baƙi-baƙi, da wani ɗan wari kamar na tsohon rumbu.

Ado mai gadin tasha, wanda shekara tara da ƙosanta yake karya kumallo, ya gutsura ya tsaya yana juya shi.

"Maijidda, yau ƙosan ga rasuwa anka yi mai? Na gan shi kwance, ko gaisuwa ba ya amsawa."

Aka kwashe da dariya. Washegari Ado ya gaishe ta da kyau, ya tsallaka titi wurin Tani mai waina. Jibi 'yan dako suka bi shi. Leburorin tasha ma haka.

Kwana shida ta yi tana fama. Man da ke yi mata kwana uku ya koma ƙarewa a yini guda. Ƙosai na kwantai, yara na ci har sun fara kau da kai. Rana ta bakwai ba kuɗin mai, ba kuɗin markaɗe. Kasko ya wuni a kife, karo na farko tun bayan fitarta takaba.

Ta zauna a tsakar gida ta rufe ido, ta nemi shagon nan ko zai zo ya ɗebe mata kewa. Ya ƙi zuwa. Abin da take gani kawai turken tunkiya, ba komai a ɗaure.

Da rana ta yi sanyi ta ɗora sauran buhun a baron haya ta nufi kasuwa. Sau biyu tana wuce rumfar Baba Jatau kamar mai neman wani. A na uku ya yi gyaran murya.

"Hajiyar sari, hanyar Shinkahi ba nan take ba."

Ta tsaya. Ta tsuguna har ƙasa. "Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Sauke in gani."

Ya kwance bakin buhun, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya zaro ƙwara ɗaya. Bai ko dube ta ba, ya jefa a baki ya ciza, ya tofar. Sai ya juya ya ɗebo daga wani buhu da ke bayansa, ya miƙa mata ƙwara biyu, ɗaya nata ɗaya nasa.

"Ciza."

Ta ciji nasa, ya ce ƙas, ya rabe biyu fari tas. Ta ciji nata, ya marmashe ya zama gari mai ɗaci a harshe.

"Wa ya sai miki?"

"Alhaji Hamisu."

"Hamisu ba ya cuta. Bai hwaɗa miki na bara ne ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya hwaɗa."

"Kin hwaɗa mishi ƙosai za ki yi?"

Ta girgiza kai.

"To." Tsohon ya matso, ya wangale baki, ya sa yatsa yana nuna mata giɓi bayan giɓi. "Dubi nan. Wanga haƙori Kasuwar Daji na baro shi. Wanga kasuwar Dauran. Waɗanga biyu Shinkahi, gaban shi Hamisun naki. Buhu goma nike cizo kahin in ɗauki guda, saboda ku masu tuya. Dubu ukku nike saye, in biya dillali, in biya dako, in biya ɗan banzan ƙanen mijinki. Abin da ke saura mini kan tiya bai kai kuɗin goro ba. Romon da kinka ce ina sha, ga shi nan, kuɗin haƙori ne."

Masu rumfunan kusa, waɗanda suka ji maganarta ta ranar nan, suka yi kamar suna gyaran kaya. Hawaye ya zubo wa Maijidda.

"Share, kuka ba ya tashin ƙulli," in ji shi. Ya auna nata, tiya ashirin da biyu suka rage. "Wanga masu kiwon raguna za su ɗauka. Zan musanya miki da sabo tiya goma sha huɗu, abin da ya kama ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ki bar huɗu nan in ba ki kuɗinsu, ki sayi mai."

"Baba, tunkiyata fa?"

"Tunkiya ta tahi, ɗiyata. Kowace makaranta da kuɗinta."

Ta goge ido da gefen mayafi. "Ka yahe mini abin da na hwaɗa gaban mutane."

"Na yahe. Amma gaban mutane za ki biya. Kullum ƙosai ukku, kuma ki zaɓo masu taushi, kin dai ga abin da ya rage mini na tauna."

Washegari kasko ya hau wuta, ƙosai ya tashi ya yi ja yana yawo a saman mai. Ado ya dawo, wasu suka biyo shi, wasu kuwa sun riga sun saba da wainar Tani, ba su sake tsallakowa ba. Tunkiyar ta haifi tagwaye a gidan wanda ya saye ta.

Ƙosai ukun nan kuwa ba su taɓa fashi ba har tsohon ya bar duniya. Daga baya ma, da sauran haƙoran suka bi 'yan'uwansu, sai ta riƙa haɗo masa da koko don ya jiƙa.

Darasi: Kafin ki ce mai awo ya cuce ki, ki tambayi abin da ke cikin ribarsa: mota, dako, da sanin kaya da ya ɗauke shi shekaru. Sari na da riba ga wanda ya san kaya, ba ga wanda ya san kuɗin buhu kawai ba. Kuma duk mai jin kunyar faɗin sana'arsa, da bakinsa zai sayi abin da zai kashe ta. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wadda kuka san ta fara raina mai rumfar unguwarsu.