Minti Huɗun Da Injiniya Ya Kasa Jira

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Washi. Ya shekara talatin da wani abu yana wasa wa mutane wuƙaƙe da almakasai a ɗan shagon da ke manne da gidansa. Teloli da mahauta da masu aski da matan gida, duk wanda abinsa ya dakushe wurinsa yake kawowa.

Kayan aikinsa biyu ne: babban dutsen washi mai kauri, da wani tsohon injin lantarki da ke juya dutsen da bel. Na hannu ya sayi injin tun kafin a haifi 'ya'yansa. Kun san kowane inji yana zuwa da ɗan allon ƙarfe a jikinsa, inda ake rubuta ƙarfinsa da saurin juyinsa da wutar da yake ci. To wannan ba shi da shi. Ƙananan ramuka huɗu ne kawai suka rage a inda allon ya taɓa zama. In an tambayi Baba, sai ya taɓa goshinsa ya ce allon yana nan ciki, inda tsatsa ba ta kai wa.

'Ya'yansa biyu. Babbar mace ce, kowa Yaya yake ce mata. A gindin dutsen nan ta girma, har ta fi Baba iya fitar da bakin almakashi, ko da yake bai taɓa amsa hakan a gabanta ba. Ƙaninta ya yi karatun lantarki, ya samu aiki a wani gari mai nisa, unguwa ta laƙaba masa Injiniya.

Ba mugun mutum ba ne, kar ku ce na ce. Yana son mahaifinsa ƙwarai. Ciwonsa ɗaya ne: kafin ka kai rabin magana ya riga ya san ƙarshenta, har ya ba ka amsa ya miƙe.

Wata shekara shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba. Hankalinsa garau, kunnensa garau, amma hannu da ƙafar dama sun tafi, harshe kuma ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Aka mayar da gadonsa ɗakin da ke bayan shagon, bango ɗaya ya raba shi da dutsensa, Yaya ta karɓi aikin.

Daga kwance yake bin aikin da kunne. In ta danna wuƙa fiye da kima, sai ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya ƙwanƙwasa bango sau biyu. Ita kuma ta ɗaga murya ta ce ta ji, mai shago, a yi haƙuri da 'yar aiki. Abin da ya rage masa ke nan na sana'arsa, kuma gidan duka ya san ƙarar dutsen nan ce ke riƙe da shi.

Wata ranar Alhamis injin ya yi wari, ya yi hayaƙi, ya tsaya. Kwana biyu shagon shiru. Baba ya juya fuska bango, abinci ma sai da lallashi. Yaya ta kira ƙaninta a waya, ranar Asabar da safe sai ga shi da jakarsa, hutun kwana ɗaya ya samu.

Ya cire injin, ya juya shi gaba da baya, ya ga babu allo. Yaya ta ce a kira Kawu Mai Naɗi, aminin Baba, wanda sana'arsa ke nan buɗe injinan da suka ƙone yana sake naɗa musu waya. Aka kira shi a waya. Kawu ya ce a kawo masa mataccen injin ya buɗe cikinsa, ya ƙirga naɗin wayar, ya auna kaurinta, Litinin in ya buɗe shagonsa zai faɗi irin wanda za a sayo.

Injiniya ya yi masa godiya cikin ladabi, yana kashe wayar ya yi tsaki. Litinin yana wurin aiki. Kuma shi da takardarsa ta shaida, a ce sai wani tsoho ya tona gawar inji kafin a san abin da za a saya? Ya ciro tef ɗin awo. Ya auna tsawon injin da faɗinsa, ya auna kaurin sandar da bel ke hawa, ya auna tazarar ramukan noti, ya rubuta komai a wayarsa tsaf.

Yaya za ta fita ba teloli haƙuri, almakasansu sun kwana biyu a hannunta. Kafin ta tafi ta ce masa ya shiga ya tambayi Baba, shi ya san injinsa.

Ya shiga. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce zai je ya sayo sabon inji, yau ɗin nan dutse zai juya. Idon Baba ya buɗe. Ya kama hannun rigar ɗansa, leɓensa na rawa.

"Kar... ka..."

Injiniya ya duba agogo. Shagunan kayan lantarki da wuri suke rufewa ranar Asabar.

"Kar na damu da wahala, ko? Ba komai, Baba, ka huta kawai. Ai wannan aikina ne."

Ya zare hannun tsohon daga rigarsa a hankali, ya gyara masa filo, ya fita. A ƙofar gida ya haɗu da Yaya tana dawowa, ta tambaye shi me Baba ya ce, sai ya ce bai ce komai ba, gajiya ce ke damunsa. Wannan maganar ita ce ta fi cin ransa daga baya.

Bayan azahar ya dawo da sabon inji shuɗi, yana ƙyalli. Gaskiya ya iya awo. Ramukan noti suka dace, bel ya zauna daram, kai ka ce tare aka ƙera su da tsohon. Ya tura mataccen ƙarƙashin benci da ƙafa. Yaya ta yi murna har da yi masa kirari, ta ɗaura gyalenta a ƙugu, ta ɗauki almakashi ta tsaya gaban dutse inda take tsayawa kullum. Shi kuma ya koma gefe wurin makunni, ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo ya kai wa Baba ya gani.

Ya kunna.

Da can dutsen gurnani yake yi mai kauri. Yau wani siririn kuka ya ɗauka, yana ƙara hawa, benci na karkarwa. Yaya ta ɗan ja hannunta baya, ta ce ƙarar ba ta yi mata ba. Injiniya ya ce haka sabon abu yake, ƙarfi ne da shi, kunnenta ne ya saba da mara lafiya.

Sai ga ƙwanƙwasa daga bango. Ba sau biyu ba, bugu ne babu tsayawa.

"Kin ji Baba? Murna yake yi," in ji Injiniya yana dariya.

Bugun ya tsaya. Aka ji sanda ta faɗi, sannan aka ji faɗuwar wani abu mai nauyi a ƙasa. Yaya ta yar da almakashin ta ruga ɗakin.

Ba ta kai bakin ƙofa ba dutsen ya tarwatse. Ƙarar ta fito da maƙwabta daga gidajensu. Wani ɓari mai girman tafin hannu ya bi ta daidai inda take tsaye, ya nutse a bangon bayanta, a tsayin fuskarta. Injiniya ya kashe makunni, wayar ta suɓuce daga hannunsa, ya tsaya yana kallon ramin da ke bangon.

A ɗaki suka tarar da Baba a ƙasa, rabin jikinsa ya nufi ƙofa. Mutumin da ya shekara biyu bai sauka daga gado da kansa ba, ya jawo jikinsa da hannu ɗaya don ya je ya kashe inji. Tun daga kukan farko ya gane dutsen yana gudun da ba zai iya ɗauka ba, kuma ya san wa ke tsaye a gabansa. Ƙugunsa ya karye a faɗuwar.

Aka kai shi asibiti. Likita ya ja Yaya gefe ya ce jikin ya yi rauni da yawa, aiki ba zai yiwu ba, sai dai a rage masa raɗaɗi a yi ta addu'a.

Injiniya bai koma wurin aiki ba. Ranar Litinin ya jawo mataccen injin daga ƙarƙashin benci, ya rungume shi da farar rigarsa, ya kai wa Kawu Mai Naɗi. Kawu bai yi masa faɗa ba, ni da na so ya yi, da ya fi sauƙi a kan shirun. Ya kwance murfin, ya goge baƙin hayaƙi da tsumma, ya kama yatsan Injiniya ya bi da shi kan naɗin wayar ɗaya bayan ɗaya. Naɗin ya kasu ƙungiya huɗu.

Ya ce inji mai ƙungiya huɗu a sannu yake juyawa, wajen dubu ɗaya da ɗari huɗu a minti. Mai ƙungiya biyu kuwa ninki biyu yake gudu, kuma jikinsu na iya zama iri ɗaya sak. Ya tambaye shi me aka rubuta a allon sabon. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce dubu biyu da ɗari takwas. Ya karanta lambar a shago, amma ba shi da abin da zai gwada ta da shi, sai ya wuce ta.

"Tef yana gaya maka ko inji zai zauna, ɗana. Ba ya gaya maka halinsa. Kama da wane ba ta wane."

Abin baƙin cikin, Injiniya ya san wannan tun yana makaranta. Har jarrabawa ya ci a kansa. Aikin duka bai kai shan shayin Kawu ba.

Da yamma ya je asibiti, ya ja kujera ya zauna kusa da gadon. Ya ajiye wayarsa a aljihu. Ya ce, "Baba, ranar nan ka fara magana na katse ka. Ka ƙarasa, ina nan."

Tsohon ya dube shi. Ya fara, ya tsaya, ya haɗiye miyau, ya sake. Sau uku bakin Injiniya ya motsa zai ƙarasa masa kalma, sau uku ya danne.

"Kar... ka... saya... sai... an buɗe... tsohon. Mai... juyin... sannu... ne."

Agogon bangon ɗakin yana gabansa, bai iya hana idonsa dubawa ba. Minti huɗu maganar ta ɗauka. Ya kifa goshinsa a gefen katifa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro.

Baba ya ɗora masa hannun hagu a ka. Bayan wani lokaci ya sake buɗe baki, wannan karon ba wanda ya duba agogo. Ya tambayi idon Yaya, aka ce lafiyarta ƙalau, ga ta nan tsaye. Sannan ya taɓa goshinsa da yatsa, ya ce laifinsa ne shi ma, allon da ya ɓoye a nan zai tafi da shi. Ya ce a rubuta, a manna a jikin inji.

Kwana tara ya yi a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sati uku Kawu ya gama naɗa tsohon injin, don ya ce gangar jikinsa ta fi sababbin yanzu ƙwari. Aka samo wani dutsen, bai kai na da kauri ba. Injiniya ya yanko ɗan ƙarfe, ya buga lambobin a kai da guduma ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura shi a ramukan nan huɗu da suka shekara talatin babu komai. Ramin bangon kuwa Yaya ta hana a toshe.

Ta kunna. Gurnanin nan mai kauri ya dawo, irin wanda gidan ya sani. Ta ɗauki wuƙa ta ɗora, ta danna fiye da kima. Ita da ƙaninta suka juya suka dubi bangon ɗakin baya, suna jiran ƙwanƙwasa biyu.

Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Darasi: Kar ka sauya abu don ya yi kama da na da, sai ka bincika abin da ke cikinsa. Kuma in babba ya fara magana, ko harshensa ya yi nauyi, ka zauna har ya dire; abin da ke kansa babu shi a takardarka, kuma ba kullum zai kasance a ɗakin baya yana jiranka ba. Ku kuma iyaye, abin da kuka sani ku rubuta, ku koyar. Ka tura wa duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke raye, wataƙila yau ya ba su minti huɗunsu.